Ra'ayinmu: Ina Hutun Da Aka Yi Mana Alkawari?

 Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu. Ana yin ta a bayan majami'a in an tashi sujada, ana yin ta a gidan makoki da murya ƙasa-ƙasa, amma da wuya a ji an kawo ta gaban majalisar dattawa. Mun ga ya kamata wannan shafi ya fito da ita fili.

Ga tambayar. A Matiyu 11:28-30 Ubangiji ya kira gajiyayyu da waɗanda kaya ya danne, ya yi musu alkawarin hutu, ya kuma tabbatar musu cewa abin da shi zai ɗora musu ba zai yi nauyi ba. To amma shi ɗin ne dai, a Yahaya 16:33, ya gaya wa almajiransa cewa ƙunci na jiransu a duniya. Shi ne kuma a Matiyu 16:24 ya sa ɗaukar gicciye ya zama sharaɗi ga duk mai son binsa. Manzo Bulus ya ƙara a kai: a Ayyukan Manzanni 14:22 ya shaida wa sababbin masu bi cewa hanyar shiga Mulkin ta cikin wahalhalu ta ratsa, a 2 Timoti 3:12 kuma ya nuna cewa tsanani ba ya barin mai son zaman ibada cikin Kristi. (Masu riƙe da tsohon juyi na 1932 za su sami Matta da Yohanna a inda muka rubuta Matiyu da Yahaya, sura da aya duk ɗaya ne.) To wanne za mu riƙe, hutu ko gicciye?

Ga wanda yake zaune lafiya, wannan musu ne na ajin nazarin Littafi Mai Tsarki. Ga mutanenmu abin ya wuce haka. Matar da aka kashe mijinta a gona, ta gudu da yara biyar zuwa garin da ba ta san kowa ba, in ta ji an karanta ayar hutu ranar Lahadi, ɗaya daga cikin abu biyu ne yakan faɗo mata a rai: ko dai alkawarin bai tabbata ba, ko kuma ita ce bangaskiyarta ta gaza. Duka biyun guba ne. Matasanmu kuma suna cin karo da jerin irin waɗannan ayoyi a Facebook da WhatsApp, an jera su biyu-biyu don a nuna wai Littafin yana ƙaryata kansa. In suka tambayi dattijo ya ce musu kada su yi wa Allah tambaya, sai su koma wurin wanda ya aiko musu da jerin, don shi aƙalla ya yi musu magana.

Bari mu fara da surar da ayar hutu take ciki. Da yawa a cikinmu mun haddace ƙarshen Matiyu 11 tun muna makarantar Lahadi, amma ba mu cika lura da yadda surar ta fara ba. Ta fara ne da Yahaya Maibaftisma yana kurkuku. Mutumin da ya yi wa Yesu baftisma da hannunsa, wanda ya nuna shi ga jama'a, ga shi a tsare a hannun Hirudus, har shakka ta kama shi ya aiki almajiransa su tambaya ko Yesu ne wanda ake jira, ko kuwa a ci gaba da sauraron wani. Yesu bai tsawata masa ba. Ya aika masa da labarin makafin da suke gani da guragun da suke tafiya, ya kuma yabe shi a gaban taro fiye da duk wanda mace ta haifa. Amma bai buɗe masa ƙofar kurkuku ba. Daga nan surar ta wuce zuwa garuruwan da suka ga mu'ujizai suka ƙi tuba, Kafarnahum da maƙwabtanta. Sai a ƙarshen duk wannan ne aka yi kiran hutu. Surori uku a gaba, a sura ta 14, an fille kan Yahaya saboda rawar wata yarinya da rantsuwar sarki.

Matiyu, wanda ya rubuta waɗannan abubuwa, mai karɓar haraji ne a da, mutumin lissafi. Bai manta ya bar Yahaya a kurkuku ba sa'ad da ya zo rubuta alkawarin hutu. Da a ce yana ganin abu biyun suna karo da juna, da bai ajiye su a sura ɗaya ba. Ke nan tun daga ranar da aka furta alkawarin, akwai bawan Allah mai aminci a cikin sarƙa, wanda kuma ya yi alkawarin ya san da shi.

Sai kuma mu dubi abin da aka miƙa wa gajiyayyun. Ba tabarma aka shimfiɗa musu ba. Karkiya aka miƙa musu. Mu da muke noma da garmar shanu ba ma bukatar a fassara mana wannan. Bijimin da aka ɗora wa karkiya da sassafe gona za shi. Amma kowane manomi ya san bambancin karkiyar da aka sassaƙa ta zauna daidai a wuya da wadda aka yi ta da ganganci. Ta farko bijimi zai yi huɗa da ita har rana ta take, ya dawo ya ci harawarsa. Ta biyun kuwa kafin mako ya zagayo ta yi masa gyambo, ƙuda na bi. Haka ma hannun da ke riƙe da garma: wani yana lallaɓa dabbarsa, yana sanin lokacin da ta gaji, wani kuma bulala kawai ya sani. Ubangiji a wannan wuri ya bayyana kansa a matsayin mai tawali'u da sanyin hali, ya kuma faɗi inda hutun zai sauka: a cikin rai.

Wane kaya ne yake magana a kai? Littafin ya ba da amsa da kansa. A Matiyu 23:4 ya zargi malaman Attaura da Farisiyawa da ɗaure wa mutane kaya masu nauyi, su kuwa ko yatsa ba sa sa musu. A Ayyukan Manzanni 15:10, a taron Urushalima, Bitrus ya yi amfani da kalmar karkiya ga dokokin da wasu suke so a ɗora wa al'ummai, ya ce ko kakanninsu ba su iya da ita ba. Nauyin da aka sauke mana shi ne na mutumin da kullum yake auna kansa yana ganin bai kai ba, bai san ko Allah ya karɓe shi ba, yana ɗauke da laifin da ba shi da wurin ajiyewa. Tsofaffinmu da suka fito daga bautar gargajiya suna iya ba mu labarin irin nasu: tsoron maita, tsoron sammu, yanka kaza yau, akuya gobe, kuma ba a taɓa cewa an gama biya ba. Ku tambaye su abin da suka ji a ransu ran da suka ƙone layu. Gonarsu ba ta ƙaru ba, wasu ma danginsu sun kore su, amma sun yi barci.

Wannan haɗuwa ta wahala da kiyayewa a wuri ɗaya ba a Matiyu kaɗai take ba. A Luka 21:16 Yesu ya ce za a kashe wasu daga cikin almajiran, ayoyi biyu kacal a gaba ya tabbatar musu ko gashin kansu ɗaya ba zai salwanta ba. A Ibraniyawa 11, aya ta 34 ta yabi waɗanda bangaskiya ta kuɓutar daga takobi, aya ta 37 ta yabi waɗanda takobi ya ci, kuma duka an ba su shaida iri ɗaya. Amma wadda ta fi taɓa mu ita ce Ayyukan Manzanni 12. A aya ta 2 Hirudus ya sa an kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya. A aya ta 7 mala'ika ya shiga kurkuku ya fitar da Bitrus. Sarki ɗaya, gari ɗaya, ikilisiya ɗaya, manzanni biyu da suka hau dutse tare da Yesu. Luka bai ba da dalilin bambancin ba, bai kuma ce Yakubu ya kasa a wani abu ba. Abin da ya kula ya rubuta shi ne halin da mala'ikan ya tarar da Bitrus: an ɗaure shi da sarƙa biyu, soja a dama soja a hagu, gobe za a fito da shi gaban jama'a, shi kuwa yana barci, har sai da aka buge shi a gefe kafin ya farka. Bitrus ya san abin da ya sami Yakubu. Wannan barci shi ne hutun Matiyu 11, kuma ya same shi tun kafin sarƙa ta faɗi.

Mu ma muna da tamu surar ta 12. Cikin 'yan mata 276 da aka sace daga makarantar Chibok a Afrilun 2014, wasu sun tsere tun a hanya, an sako 21 a 2016, an sako 82 a 2017, wasu kuwa iyayensu sun kwanta dama ba su sake ganin fuskarsu ba. Da yawansu majami'u ɗaya suka fito, addu'a ɗaya aka yi musu. Wa zai tsaya a gaban waɗannan iyaye ya ce wadda ta dawo uwarta ta fi iya azumi? A Oktoban 2014 aka mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi, ma'aikata suka watse. A Janairun 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi, shugaban CAN na Michika, bayan an yi kwanaki ana tsare da shi. Waɗanda suka ga hoton bidiyon da aka ɗauke shi yana hannun masu tsare shi sun ga mutum mai magana a natse, yana miƙa iyalinsa da al'amarinsa ga Allah. Ba a buɗe masa ƙofa ba, kamar yadda ba a buɗe wa Yahaya ba. Amma duk wanda ya ce bai sami hutun da aka yi alkawari ba, bai dubi fuskarsa da kyau ba.

Yanzu ga inda muke so mu yi magana da kakkausar murya. Rikicin da ke cikin zukatan mutanenmu ba ayoyin ne suka haddasa shi ba, yadda ake yanko su a kan bagadi ne. Akwai masu wa'azi, wasu na zuwa mana daga birane da lasifika da fastoci a bango, wasu kuma muna kallonsu a talabijin, waɗanda ba su san wata aya ba sai ta nasara. A wurinsu ɗan Allah ba ya ciwo, ba ya talauci, harsashi ba ya kama shi. Zabura 91 ce takobinsu. Muna ƙaunar wannan zabura, iyayenmu sun karanta ta a cikin duwatsu da dazuzzuka suna ɓoye, ta kuma riƙe su. Amma kada mu manta wanda ya fara yanko ayoyi biyu daga cikinta ya mai da su lamuni cewa ba abin da zai taɓa mutum: Iblis ne, a kan ƙololuwar Haikali, a Matiyu 4:6, Ubangiji kuma ya ƙi. Littafin Zabura ɗin nan da ke ɗauke da ta 91 yana ɗauke da ta 44, inda jama'a suke kuka ana karkashe su alhali ba su juya wa Allah baya ba, Bulus ma ya ɗauko ta a Romawa 8:36 a tsakiyar surar da muka fi so. Yana ɗauke da ta 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da ko kalma ɗaya ta murna ba. Ruhu Mai Tsarki bai ji kunyar barin su a littafin waƙoƙin jama'arsa ba.

Illar irin wannan wa'azi ba a ranar taro take fitowa ba. Mai wa'azin ya tattara baiko ya koma birni. Bayan wata uku ɗan wata mata ya mutu, sai a fara raɗa cewa akwai zunubi a gidan, ko ba ta ba da zakka ba, ko surukarta ce ta kama shi. Wannan ita ce sana'ar abokan Ayuba, kuma a sura ta 42 Allah ya ce ya yi fushi da su, sai da Ayuban da suka zarga ya yi musu addu'a. Almajirai sun gwada irin wannan lissafi a kan mutumin da aka haifa makaho a Yahaya 9, Yesu ya rushe shi. A Luka 13 aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da na mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya ce ko kusa ba su fi sauran mutane laifi ba. Dattijon da ya ji ana irin wannan raɗa a ikilisiyarsa ya yi shiru, ya sani cewa ya taya ɗaure wa gwauruwa kayan Farisiyawa.

Akwai kuma kuskure na biyu, wannan kuwa namu ne na gida, ba baƙo ya kawo mana ba. Mun iya yanko ayoyin wahala mu rufe bakin mutane da su. Kome ya faru, sai a ce gicciyenka ne, yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, ɗiyan Ruhu ne. Amma ba kowace wahala ce gicciye ba. Bitrus ya bambanta a 1 Bitrus 4:15-16 tsakanin wanda yake shan wuya don sunan Kristi da wanda yake shan ta don abin da hannunsa ya jawo. Akwai kuma ta uku, wadda ta shafi kowane ɗan Adam: fari, tsadar taki, zazzaɓin cizon sauro, 'yan bindiga da ba sa tambayar addinin wanda za su sace. Maƙwabtanmu Musulmi a Zamfara da Katsina da Sakkwato sun binne nasu da yawa, harin da aka kai babban masallacin Kano a Nuwamban 2014 kuma ya ci rayuka masu yawa. In muka kira kowace masifa tsanani saboda bangaskiya, ba mu faɗi gaskiya ba, kuma za mu kasa yin kuka tare da wanda ya kamata mu yi kuka da shi.

Yaron da jikinsa ya yi zafi asibiti za a kai shi, a yi addu'a a hanya. Matar da mijinta yake duka ba gicciye take ɗauke da shi ba, zunubin mijinta take ɗauke da shi, aikin dattawa ne su tsawata masa, su kuma kāre ta. Mai bishara da ya yi wata biyar ba a biya shi ba, alhali an sayi sababbin kujeru, kada a karanta masa ayar jimiri. A karanta wa ma'aji 1 Timoti 5:18. Haka kuma in an hana ikilisiya takardar fili, ko an hana yaranmu malamin da zai koya musu addininsu a makarantar gwamnati, ko an hana ɗanmu takardar shaidar ɗan asalin garin da kakansa ya haifu, neman hakki ta hanyar doka ba rashin bangaskiya ba ne. Bulus ɗin da ya ce sai ta wahala za a shiga Mulkin, shi ne a Filibi ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye sai mahukunta sun zo da kansu, don an doke shi ba shari'a alhali shi ɗan ƙasar Roma ne. Shi ne a sura ta 22 ya tsayar da bulala da tambaya ɗaya, a sura ta 25 kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini. Wanda ya rubuta takardar koke cikin ladabi ya kafa hujja da shi, sawun Bulus ya bi. Wanda kuma ya kwashe iyalinsa ya bar ƙauye da dare bai yi tawaye ba, gama Matiyu 10:23 ya ba da izinin gudu daga wannan gari zuwa wancan. Abin da ba a ba mu izini ba shi ne ramuwa.

Wani zai ce, to mun ji, hutu na cikin rai ne, cikarsa kuma tana gaba. Gaskiya ne. Ibraniyawa 4 ta faɗi duka biyun: masu ba da gaskiya suna shiga hutun tun yanzu, duk da haka akwai wani hutun Asabar da ya rage wa jama'ar Allah. Wahayin Yahaya 14:13, da muke karantawa a bakin kabari, tana maganar wannan na ƙarshen. Amma in muka tsaya a nan, muka ce wa mai jin yunwa hutunka na cikin zuciya da kuma sama, mun bar wani yanki na koyarwar a ƙasa, kuma shi ne yankin da ya fi shafar dattawa.

Ku dubi wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa. A 4:17 ya kira wahalarsa marar nauyi. Masana Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, sun nuna cewa kalmar da ya yi amfani da ita a nan sau biyu kawai ta fito a dukan Sabon Alkawari: nan, da kuma Matiyu 11:30. Mai faɗin haka kuwa shi ne wanda a sura ta 11 ya lissafa bulala 39 har sau biyar, duka da sanda sau uku, jifa da duwatsu sau ɗaya, haɗarin jirgin ruwa sau uku. Bai kuma yi kamar abin ba ya masa zafi ba. A 1:8 ya faɗa musu cewa a Asiya nauyin ya fi ƙarfinsa har ya fid da rai. A 7:5 ya ce da suka iso Makidoniya jikinsu bai sami sukuni ba ko kaɗan, faɗa a waje, tsoro a ciki. Manzo ne fa yake cewa yana jin tsoro. Mu kuwa ko mutum zai faɗi don gajiya, in aka ce masa ina gajiya, sai ya ce ba gajiya. A gaisuwa wannan ladabi ne. Matsalar ita ce mun shigo da shi har cikin addu'a da taron shaida, inda kowa sai ya nuna shi mai nasara ne, mai rauni kuma ya koma gida da kayansa yadda ya zo da su.

To yaya Allah ya ta'azantar da Bulus a Makidoniya? Aya ta 6 ta faɗa: Titus ne ya iso. Ba wahayi, ba mala'ika, ɗan'uwa ne ya zo da ƙurar hanya a ƙafarsa da labari mai daɗi a bakinsa. Abin da ya ƙara ƙarfafa mu a kan wannan shi ne, kalmar aikatau da Yesu ya yi amfani da ita a Matiyu 11:28 wajen ba da hutu, ita ce Bulus ya yi amfani da ita ga abin da masu bi suke yi wa juna. A 1 Korintiyawa 16:18 ya ce Istifanas da abokansa biyu sun hutar da ransa. A wasiƙarsa ga Filimon, aya ta 7, ya yabe shi don ya hutar da zukatan tsarkaka, a aya ta 20 kuma ya roƙe shi ya yi masa haka shi ma. Ashe Ubangiji yakan cika alkawarin Matiyu 11 ta hannun mutanensa. In haka ne, gwauruwar da ta zauna a cikinmu shekara uku ba ta ɗanɗani hutu ba, kafin mu tuhumi ayar ko mu tuhumi bangaskiyarta, sai mu tambayi kanmu ko Titus ɗin da aka aika mata ya tsaya a hanya.

Galatiyawa 6 ma tana cikin jerin da ake aiko wa matasanmu, don aya ta 2 ta ce a ɗauki nauyin juna, aya ta 5 kuma ta ce kowa zai ɗauki nasa. Kalmomi biyu ne daban a Helenanci, amma ko ba Helenanci manomi ya gane. Kowa shi ke noman gonarsa, ba wanda zai kwanta a inuwa ya ce ikilisiya ta yi masa. Amma ran da ciwo ya kwantar da mutum a tsakiyar damina, ciyawa na neman cinye masa dawa, gayya ake kira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayenmu sun san wannan tun kafin bishara ta zo, abin kunya ne a ce mu da muke da umarni a rubuce mun bar shi ya mutu.

Sai mu faɗi wadda ba za ta yi wa wasu daɗi ba. A wurare da dama ikilisiya da kanta ta zama mai ɗora kaya. Baikon Lahadi, baikon gini, kuɗin gunduma, kuɗin taron shekara, ankon zumunta, ƙaddamar da wannan, godiyar wancan, kowanne kuma ana kiran suna a gaban jama'a. Wanda ya yi gudun hijira ya bar rumbunsa a baya, in ya ji za a kira sunaye, sai ya ce yau ba shi da lafiya. A hankali ya daina zuwa, mu kuma mu rubuta shi cikin waɗanda suka ja da baya. Jana'iza ma ta zama bashi: iyalin da suka rasa mai ciyar da su sai su ciyar da ɗaruruwan masu zuwa gaisuwa. Ba muna cewa a daina bayarwa ba, aikin Ubangiji yana bukatar kuɗi, ƙananan ikilisiyoyinmu kuma ba su da wani mai tallafa musu daga waje. Muna cewa majalisa ta zauna da takarda da alƙalami ta ƙirga sau nawa aka miƙa wa talaka kwano a wata ɗaya.

Su ma masu hidima mutane ne. A Markus 6:31, bayan almajirai sun dawo daga aiki, jama'a na ta kai da kawowa har ba su sami zarafin cin abinci ba, Yesu ya janye su gefe don su ɗan huta, wannan kuwa hutun jiki ne. Labarin yana biye da labarin kisan Yahaya kai tsaye. Iliya ma, da ya gudu jeji ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, abin da aka fara ba shi gurasa ce da ruwa da barci, har sau biyu, kafin a yi masa wata magana. Muna da fastocin da suka binne mutane da yawa a rana ɗaya, washegari suka hau bagadi, ba wanda ya tambaye su yadda suka kwana. Matansu kuma su ne masu dafa wa baƙi, su ne masu sauraron kukan kowa.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu dattawa, kafin a tsara kasafin shekara mai zuwa, kowace majalisa ta sa wannan magana a ajandarta. A rubuta sunayen gwauraye da marayu da baƙin da rikici ya koro, a raba su ga dattawa gida-gida, don kowa ya san wanda zai leƙa. A cire su daga duk wani kuɗin dole ba tare da an sanar a majami'a ba. A sa wa Baba Fasto da Mama lokacin hutu a rubuce, a kuma nemi wanda zai riƙe bagadi kafin lokacin ya zo. Malaman makarantar Lahadi da shugabannin matasa su riƙa karanta sura sukutum tare da yara, har da wuraren da ba su da daɗin ji, domin kada su fara jin labarin Yakubu daga bakin wanda yake so ya rushe su. Inda kuma ikilisiya take da hali, ko ikilisiyoyi biyu uku su haɗa hannu, a sayi bijimai biyu da garma ɗaya a damƙa wa matasa, da sharaɗin gonakin gwauraye za a fara huɗewa da zarar ruwa ya zauna.